Haƙoran Malam Harshe-Waje

A asibitin haƙorin da ke saman shagon masu sayar da tayoyi akwai wani ɗan ɗaki can ƙurya, bayan ɗakin likita. Nan mai haɗa haƙoran roba take wuni. Shekararta goma sha tara a ɗakin, kuma har yau marasa lafiya Likita suke ce mata. Da farko takan tsaya ta yi bayani cewa ita ba likita ba ce, haƙori kawai take haɗawa, amma da ta ga bayanin ya fi aikin cin lokaci sai ta haƙura ta riƙa amsawa. A kan kantar aikinta siffofin bakunan mutane ne na filasta a jere, kowanne da lambarsa a gindi, duk sun washe baki ba da kowa ba. Ga 'yar fitilar wuta ta narkar da kaki, ga ƙananan wuƙaƙe, ga kujera guda mai jingina wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif. Mace ce mai ƙarancin magana, aikin kuwa ya dace da ita, don filasta ba ta tambayar mutum komai.

Ranar gwaji ita ce babbar rana a wannan sana'a. Kafin a dafa haƙora su zama roba mai tauri, a kan kaki ake fara jera su, a sa wa mai su a baki. In wani ya yi tsawo ko ya karkace, sai ta ɗumama kakin ta tura shi da yatsa, shi ke nan. In kuwa aka dafa, to an dafa. Kuma ido ba ya wadatarwa a nan, sai da kunne. Haƙoran da suka yi kyau a madubi suna iya yin fito da zarar mai su ya buɗe baki, ko su riƙa ƙwanƙwasar juna kamar ana wanke kofuna. Dole mutum ya yi magana ta saurara.

Wanda Hausa kaɗai yake ji, takan ce ya faɗi sassafe, ya faɗi tsintsiya, ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in. Wanda bakinsa ya saba da Turanci kuwa, akwai wani kwali da ta gada daga tsohon da ya koya mata aikin, an rubuta lambobi uku manya-manya: 33, 55, 66. Turanci yana sa haƙori aikin da Hausa ba ta sa shi. A fifty-five haƙoran sama suna sauka a kan leɓen ƙasa, ta nan take gane tsawonsu. A sixty-six iska ce take kurɗawa ta bayan haƙora, in hanyar ta matse sai fito. A thirty-three kuwa harshe ne yake leƙowa tsakanin sama da ƙasa. Ita dai nuni take yi da bakin biro, mai haƙora ya karanta. Ba ta taɓa faɗin ko ɗaya daga cikinsu da bakinta ba, kuma ba wanda ya taɓa lura.

Wata Laraba da hantsi wata dattijuwa ta hawo matakala tana haki, riƙe da hannun wani tsoho dogo mai tabarau mai kauri, ya toshe bakinsa da farin hankici. Likita ne ya ɗauki awon bakinsa makonni biyu da suka wuce, ita lamba kawai ta gani, ta yi kwanaki tana jera masa haƙora ba ta san bakin wa take ginawa ba. Sai da ya zauna, baya a miƙe ko jingina bai yi ba, ya fara buga yatsa ɗaya a kan gwiwarsa, sannan ta gane ko wane ne. Wannan yatsan ta san shi. Malam Harshe-Waje ne.

Haka yara suke kiran sa a ɓoye, don duk darasinsa na Turanci da wannan umarnin yake farawa: harshe waje! Mutum ne da ba ya barin kuskure ya wuce ta gabansa, ko na hedimasta ne. Tana aji shida ya ce ta faɗi thirty-three, ta ce sati-siri. Ya maimaita mata, ta maimaita sati-siri. Ya ɗora ta a kan benci, ya miƙa mata ɗan madubi, ya ce ta yi ta faɗi tana kallon bakinta har sai ya gyaru. Bai gyaru ba. Aji ya yi dariya har wasu na kwanciya a kan tebur, daga ranar kuma sunanta ya koma Sati-Siri har ta bar makarantar. Tana karanta Turanci, tana rubuta shi tsaf, amma tun daga wannan bencin ba ta ƙara buɗe baki da shi a gaban mutum ba. Aikin jinya ta so yi, da ta ji sai an yi ganawar baki da Turanci ta fasa. Shekara talatin ke nan, kuma ba za ta ce ta yafe ba, ta dai ajiye maganar ne a wuri guda.

Ta ja takunkuminta sama ta gyara shi a kan hanci.

"Sannu da zuwa, Mama. Baba, ina kwana?"

Tsohon ya ɗaga hannu kawai.

"Kada ki damu, 'yata, haka muke fama," in ji matar, tana neman wurin zama. "Wata takwas ke nan. Ciwon suga ya kwashe haƙoran, ya taɓa idon, shi kuma ya ƙara da nasa, ya kulle bakin. Shekara arba'in da ɗaya ina roƙon Allah ya sa mutumin nan ya yi shiru na minti biyar. Mai karanta labarai a rediyo bai tsira ba, mai tallan magani bai tsira ba. Ni kuwa tun ina amarya na ce bejitebul sau ɗaya, aka zaunar da ni aka yi mini darasi har girkina ya ƙone. Daga ranar na tuba. To ga shi an amsa mini addu'a, gida ya zama kamar gidan makoki. Ni dai na janye, a mayar mini da surutuna."

"Ba a taɓa yi masa wasu haƙoran ba?"

"An yi, a wani wuri. Tsofaffin ɗalibansa suka zo gaishe shi, ya buɗe baki zai yi musu Turanci, sai fito kamar buta ta tafasa. Wallahi ba wanda ya yi dariya, sunkuyar da kai suka yi. Ai gara ma a ce sun yi dariyar. Suna fita ya cire ya jefa a gwangwani. Ko ni yanzu sai dai nuni, ko ya rubuta mini a takarda. Wannan ma da ƙyar na jawo shi, ya rubuta mini cewa daga wannan ba zai ƙara ba."

Tsohon ya yi gyaran murya, alamar surutun ya isa.

Mai haɗa haƙora ta sa safar hannu. Ta roƙe shi ya sauke hankicin, ya sauke yana kallon silin. Bakin da ya taɓa cika aji da tsawa ya shige ciki, leɓɓan sun lotsa. Ta zaci za ta ji daɗin ganin haka, sai ta tarar babu daɗin, aiki kawai take gani. Ta sa na sama ya kama ganɗa, ta sa na ƙasa ya zauna a kan dasashi. Nan take fuskar ta ciko, shekara goma suka ragu.

"Kai, Malam! Ka dawo ango," matar ta ce tana tafa hannu.

Ta ɗauko kwalin ta nuna lambar farko da biro.

"Baba, karanta mini wannan."

"Ai ba ya gani daga nan, 'yata, sai abu ya zo dab da hancinsa."

Ta matso da kwalin har gaban tabarau. Ya duba, ta san ya gani, don yatsan nan ya tsaya cak. Sai ya kau da kai.

"Talatin da uku ne, Baba. Da Turanci nake so ka faɗa."

Ya girgiza kai. Ya nuna haƙoran, ya ɗaga babban yatsa, ya nuna ƙofa. Wato sun yi, a gama a ba shi ya tafi. Ta yi masa bayani a natse, cewa gobe za ta dafa su, in ta dafa ba ta ji muryarsa ba, ba ta da tabbacin ba za su yi fito irin na farko ba. Matar ta yi lallashi, ta yi barazanar za ta tafi gidan 'yarsu ta bar shi da nuninsa. Ko gezau. Ya haɗe leɓɓa ya zauna abinsa.

Ta koma wajen kantar aikinta ta juya musu baya, tana gyara wuƙaƙen da ba su buƙatar gyara. Tana iya dafa su haka. Ba wanda zai ga laifinta, mara lafiya ne ya ƙi ba da haɗin kai. Amma ta san inda za su ƙare, gwangwani ɗaya da na farko, wannan baiwar Allah kuma ta ƙarasa rayuwarta tana karanta takardu a gidan da ba murya. Sannan ita ba ta taɓa fitar da aikin da kunnenta bai amince da shi ba.

Kuma ta san hanyar buɗe wannan bakin. Tun ɗazu ta sani, ƙin kallon hanyar take yi. Duk garin nan ba wanda ya fi ta sanin abin da mutumin nan ba ya iya haɗiyewa.

Mace mai shekara arba'in da biyu, mai 'ya'ya uku, ga ta tana jin tsoro kamar 'yar aji shida. Ta juyo, ta tsaya a gabansa, ta yi ta maza.

"Ba wuya fa, Baba. Ji yadda za ka ce." Ta nuna lambar da biro. "Sati-siri."

Yatsan ya motsa. Gira ta tattaru a saman tabarau. Ta ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka, yana kokawa da abin.

"Ka ji ko? Sati-siri. Haka ake faɗi."

"Ba haka ake faɗi ba."

Muryar ta fito a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Matar ta dafe ƙirji, ta buɗe baki za ta yi magana, mai haɗa haƙora ta yi mata alama da ido ta yi shiru.

"To yaya ne, Baba?"

"Thirty-three. Harshe waje! Ki sa shi tsakanin haƙora ki hura. Thirty. Three."

Tsawar ta shige ta har ƙashi, amma kunnenta yana kan aikinsa. Harshen ya samu hanya, na ƙasa bai motsa ba. Wannan ta yi.

"Na gaba kuma, fifti-faib."

"Subhanallahi! Fifty-five. Haƙori a kan leɓe, ba leɓe a kan leɓe ba. Ke shayi kike hurawa? Fifty-five!"

Ta ji haƙoran gaba suna nutsewa cikin leɓen fiye da kima. Sun yi tsawo kaɗan. Ta ce ya buɗe, ta zare na sama, ta kara kakin a kan wuta har ya yi laushi, ta tura haƙora biyu ciki da ɗan abin da bai kai kaurin farce ba, ta tsoma a ruwan sanyi ta mayar. Duk wannan lokacin ya rufe bakinsa da tafin hannu, amma idonsa yana bin ta, yana jiran kuskure na gaba. Ta sake cewa fifti-faib, ya sake gyara mata har sau uku, kowanne ya fi na baya tsabta.

"Saura ɗaya. Sikisti-sikis."

"Gaɓa nawa za ki ƙara masa? Sixty-six."

Sai ga fiton, siriri, mai kaifi, sau biyu a jere. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin masu tayoyi suna buga ƙarfe a ƙasa. Tsohon ya damƙe hankicinsa ya kai baki, ya fara lalubar hannun kujera zai tashi.

"Zauna, Baba," ta ce, ba ta san lokacin da muryarta ta yi ƙarfi haka ba. "Fiton nan nawa ne, ba naka ba. Ni na matse hanyar. Abin da nake nema in ji ke nan tun ɗazu. Ba ni minti biyu."

Ya tsaya rabi a zaune rabi a tsaye. Matar ta ja gefen rigarsa, ya koma. Ta zare na saman, ta kankare kakin da ke bayan haƙoran gaba da bakin wuƙa, kaɗan-kaɗan, ta shafe da yatsa, ta mayar masa. Ya rufe baki gam. Ta san ba zai sake gwadawa don kansa ba, don haka ta sake miƙa nata bakin.

"Ni dai har yanzu sikisti-sikis nake ji."

Ya daɗe yana numfashi ta hanci. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya, ya ce, "Sixty-six."

Ba fito. Ya sake faɗa da ƙarfi. Ya ƙara da wasu kalmomin da ba ta tambaye shi ba, ya ce Wednesday, ya ce February, ya juya wajen matarsa ya ce vegetable, ita kuwa tana share ido da bakin mayafi tana cewa, "Na ji, Malam, na ji, ai na tuba tuntuni."

Da an tsaya nan da kowa ya tafi gida lafiya. Amma malami malami ne.

"'Yata, zo nan. Sauke ƙyallen nan in ga bakinki. Ba zan fita in bar ki da wannan sati-sirin ba."

Ta sauke takunkumin. Ta durƙuso har fuskarta ta zo dab da tabaransa. Ya ce ta faɗa, ta faɗa, abin ya fito yadda ya saba fitowa. Ya ce ta cije haƙora ta buɗe leɓɓa. Ya daɗe yana dubawa.

"Haƙoranki na ƙasa sun sha gaban na sama."

"Haka aka haife ni, Baba. Sai da na shiga aikin nan na san abin yana da suna."

"Ai mai irin wannan bakin a hankali ake bi da shi, harshen ba ya samun wurin zama. Da can ban san haka ba, sai da na zauna wata takwas ina sanin kalma a kaina bakina yana ƙin ta. Malaminki bai duba ba?"

"Bai duba ba."

"Bai kyauta ba. Wace makaranta kika yi?"

Tana iya ambatar wata daban. Ta duba ta ga ba ta so.

"Mai jan rufin nan ta kusa da layin dogo. Aji shida, kujerar bakin taga. Ni ce ta kan benci, mai madubi."

Matar ta ce, "Innalillahi," a hankali. Ta ga tsohon yana lalube a cikin kansa da gaske, yana buɗe shekaru ɗaya bayan ɗaya.

"Ban tuna ki ba," ya ce daga ƙarshe. "Na ɗora yara da yawa a kan benci."

Wannan ta fi dariyar ajin zafi. Shekara talatin tana ɗauke da ranar, shi ko inuwarta bai riƙe ba. Ta miƙe ta ɗauko farantin ƙarfe, ta ce da muryar aiki, "A ciro su, Baba, gobe zan dafa."

Ya ciro na sama, ya ciro na ƙasa, ya ajiye a farantin. Fuskar ta sake lotsawa. Ta jira ya kai hankici baki, sai ta ga ya ninke shi ya sa a aljihu.

"Sau nawa na sa kika faɗa?"

"Talatin da uku. Ka ce in faɗa daidai yawan lambar da kanta."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe tsaye.

"Benci dai gwiwa ba za ta hau ba," ya ce, kalmomin suna fita a murƙushe. Ya miƙe baya, ya saki hannuwa a gefe kamar ɗalibi, ya buɗe bakin da ko matarsa bai yarda ta ji ba tsawon wata takwas, ya nemi faɗin thirty-three babu haƙori.

"Fafi-fii."

"Malam, don Allah," in ji matar.

"Fafi-fii. Yi dariya, 'yata, haƙƙinki ne. Fafi-fii."

Ta nemi dariyar, ba ta same ta ba. Tausayi ne ya zo, da wani abu kuma da ba tausayi ba, wanda ya hana ta cewa ya isa. Ta yi niyyar tsayar da shi a na biyar. Ta yi niyya a na goma, da yawu ya fara zubo masa a haɓa bai goge ba. A na ashirin ta gane ko ta ce ya zauna ba zai zauna ba, kuma ita ma ba ta son ya zauna. Tana tsaye da farantin haƙoransa a hannu, hawaye yana bin kumatunta, tana ƙirgawa a zuci, har ya kai talatin da uku bai tsallake ko ɗaya ba.

Sannan ta ajiye farantin, ta kama hannunsa ta zaunar da shi, ta yago auduga ta goge masa haɓa.

"Ka dawo ranar Litinin da safe, Malam," ta ce. "Za ka same su a shirye."